Safar Hannu ta Maza

Ƙanena masani ne a kan komai, musamman abin da bai taɓa yi ba. A shekarun da sojoji suke tare motocin haya suna sauke samari don kai su aikin soja dole, sai ya daina nisa da gida, ya koma aikin lebura a nan unguwar Dar Salam ta Umdurman, yau bulon laka, gobe sauke kaya. Ana dab da bikinsa ya sami aikin kwaɓa siminti a wani gida da ake yi wa daɓe.

A wajenmu ango ma ana sa masa lalle, kuma uwa ce take fara ɗora masa a tafin hannu. Innarmu idonta ya riga ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Duk da haka da kanta ta daka lallen, ta tankaɗe, ta ƙulle a tsumma ta tura ƙarƙashin matashi. Shi kaɗai ne namijinta, ba ta da zance sai ranar da za ta kama hannunsa.

Ni a lokacin shara da goge-goge nake yi a wani ƙaramin asibiti a Khartoum, na san abin da yake cin fata. Na sayo masa safar hannu ta roba, wadda muke ce wa juwanti, mai kauri, doguwa har gwiwar hannu. Na ce, "Ungo, siminti ba laka ba ne."

Ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar mushen ɓera. "Haba Yaya! Juwantin wanke-wanke? Kuma ruwan hoda? A gaban maza?"

Na ce to ranka ya daɗe, Allah ya ba da haƙuri, na manta da sarkin maza nake magana.

Kasuwar Umdurman ya tafi wajen kawunmu mai walda, wani babban masanin shi ma. Kawu ya zaro masa tsohuwar safarsa ta fata, baƙa ƙirin, ya ce wuta ma ta gwada ta ta haƙura, balle ruwa. Ya dawo yana ta juya hannu a tsakar gida, sai ka ce an naɗa shi janar.

To ita fata tartsatsi take tarewa, amma ruwa shan sa take yi. Ruwan simintin ya shige ciki ya zauna daram. Gogan naka ya ji zafi tun hantsi, amma ina! Namiji ai ba ya cewa wash. Haka ya wuni, ya kuma koma washegari ya zura hannu a jiƙaƙƙiyar safar nan. Da ya cire ta da yamma, fatar tafinsa ta biyo ta. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Na zage shi tas, ina zagi ina kuka, sannan na sa shi a raksha, keken nan mai ƙafa uku, muka tafi asibiti aka wanke aka naɗe masa. Aka ce ko ruwa kada ya taɓa, balle lalle.

Kawu ya zo dubiya, ya duba hannun da kyau, ya yanke hukunci cewa simintin zamani ne ba shi da albarka.

Ba wanda ya iya gaya wa Inna. Ranar lalle mata suka cika gida, ana guɗa ana kiɗa, ango ya zauna a kan gado da hannuwa biyu farare kamar an ƙulle tuwo a leda. Aka riƙo Inna aka zaunar da ita gabansa, kwanon lalle a cinyarta. Ta ce, "Kawo hannun, ɗan nan."

Ya miƙa. Ta shafa, ta ji bandeji. Ta laluba ɗayan, shi ma bandeji. Guɗar ta mutu. Yatsunta da suka tsage tun zamanin tsinkar auduga a Jazira suka bi ta ko'ina suna neman inda fata ta rage, ba su samu ba.

Ta ɗebo lallen ta ɗora a kan bandejin, ta dunƙule masa hannu a hankali, ta riƙe da nata biyu tana addu'a. Sarkin maza ya kifa kansa a gwiwarta, ya yi kukan da ya ƙi yi a wajen aiki, a gaban matan unguwa kaf.