Yadda Aka Gano Mu a Tsibiri

Wannan ba tatsuniya ba ce, ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba. Amma akwai sarki a ciki, akwai teku, akwai fatara, duk a cikin ɗaki biyu da falo, a saman wani benen haya a Greenbelt, wani gari can ƙasar waje.

Na je can ne wajen 'yata, mai aikin jinya a asibiti. 'Yan watanni aka ba ni a biza, in sun cika in koma gida. Jikana kuwa ya haura shekara goma, ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Yana jin Hausa sarai. In na ce ya kawo buta, zai kawo. In na ce, "Maigida, yau ma ba cefane?" sai ya yi murmushi ya mayar mini da Turanci, ni kuwa Turanci da kukan tsuntsu duk ɗaya suke a kunnena. Abu guda nake so kafin in tafi: mu yi hira ni da shi, baki da baki, ba uwarsa a tsakani. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, ban samu ba.

Yaron yana da daula. Shi ya ƙirƙiro ta, ya gina ta da kwalaye a bayan kujerar falo, ya ba ta suna mai tsawo wanda harshena bai taɓa iya ɗauka ba. Akwai birni, akwai gada, akwai sojoji na roba. Shi ne sarkin sarakuna, tawul ne alkyabbarsa. Kafet ɗin falo kuma teku ne, ba a taka shi sai da izini, ko da yake mu duka muna takawa.

Kuɗin daular katin jirgin ƙasa ne. Ubansa, surukina, kullum yana shiga jirgi ya tafi aiki cikin birni, in katin ya ƙare sai ya miƙa wa yaron. Da su sarki yake biyan sojoji, da su yake sayen ƙasa daga hannun kansa.

To, shekarar nan ce da kamfanoni suka yi ta sallamar ma'aikata, ana ta ƙwace gidaje. Wata safiya surukina bai fita ba. Washegari ma bai fita ba. Yana zaune gaban kwamfuta da rigar barci har azahar. Ban tambaye shi ba, ba a tambayar suruki irin wannan. Amma kati ya daina zuwa, baitulmalin sarki ya fara ramewa.

'Yata ce take ba ni labarin daular muna yankan albasa. Ta ce an kori waziri. Ta ce an sallami rabin sojoji, suna cikin aljihun tebur. An rufe gada. Tana faɗa tana dariya, dariyar ba ta kai zuci ba.

Sai sarki ya shirya jirgin ruwa ya tafi neman arziki. Kwalin takalmi ne da zare. Ina zaune a kan darduma a ƙofar ɗakina bayan la'asar, ina jan carbi, sai ga jirgi ya ci karo da ƙafata. Sarki ya tsaya a kaina da tawul, ya yi dogon jawabi. Uwarsa tana ɗaura takalmi za ta tafi aiki, ita ce tafinta.

"Inna, wai ya gano tsibiri. Ku ne mutanen tsibirin."

Na ce, "Da can mun ɓata ne?"

"Wai babu wanda ya san da ku sai yau."

"Mu mun san da kanmu."

"Wai daga yau kuna ƙarƙashinsa, kuma za ku biya haraji, daula tana cikin matsi."

Na dubi sarki daga tawul har safa. Na ce, "Gaya masa, a tsibirin nan ba a yi wa mutum maganar kuɗi sai an gaisa. Kuma mutanena ba sa jin yaren teku."

Ta ɗauki jakarta ta ce, "Ranka ya daɗe, tafinta ta makara. Ka ji da mutanenka." Ta ja ƙofa.

Aka bar ni da sarki. Na tashi na kawo masa ruwa a kofi, don baƙo ne. Na ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Ya buɗe baki, Turanci ya fito. Na mayar da idona kan carbi. Ya ja jirginsa ya koma.

Washegari ya dawo da "Ba gajiya" a bakinsa, daga wajen ubansa ya aro. Na ce, "Ina labari?" Ya kafe. Ya koma ya aro. Haka muka yi ta yi: ina aiki, yaya sanyi, yaya mutanen gida, yaya sojoji, yaya wazirin da aka kora. Ban rage masa ko ɗaya ba, har na ƙara waɗanda ba a yi. Amma wannan gaisuwa ce, ba hira ba. Aku ma yana iya ta. Da ya kai ƙarshe sai ya ce, "Haraji," ya miƙo hannu.

Na ce, "Mu ba mu san haraji ba. Amma sarki ya zo ƙasarmu, ba zai koma hannu rabbana ba." Na kwance bakin mayafina na ba shi dabino. Ya karɓa da murna ya juya.

Na ce, "Tsaya. Ina tukwici?"

Bai san tukwici ba. Ubansa ne ya ɗago kai daga kwamfuta, karo na farko da na ji muryarsa da ƙarfi a makon nan, ya bayyana masa: in an kawo maka kyauta, kai ma sai ka ba wanda ya kawo wani abu, in kai babba ne kuma ba ka ba da kaɗan. Sarki ya tafi baitulmali ya dawo da kati. Na karɓa da hannu biyu, na yi masa kirari.

Kashegari na aika masa da ƙuli-ƙuli. Tukwici. Wanshekare kuma na aika da alewa. Tukwici. Ba ya iya ƙin kyauta, don ubansa ya ce sarki ba ya mayar da hannun talaka baya. Katunan daula suka yi ta ƙetare teku, suna taruwa a ƙarƙashin matashina.

Ran nan ya zo ba jirgi, ba tawul, ya tako teku da ƙafarsa. Na fara, "Ina wuni?" Ya katse ni.

Ya ce, "Kaka, ke ɓarauniya ce."

Na ce, "Ni? Da na yi ta ciyar da kai?"

"Na zo in samu kuɗi. Yanzu kuɗi duka wajenki. Ni ba komai. Sojoji ba abinci."

Kalmomin suna fitowa a karkace, wasu da ƙafa ɗaya, amma nasa ne, ba aro ba.

Na ce, "To ai ba a kan kati ake riƙe ƙasa ba, Maigida. Ina rumbunka?"

"Mene ne rumbu?"

Na faɗa masa. Ya ce me ya sa ba a sa hatsin a firji. Na ce wane firji ne zai ɗauki geron shekara. Ya ce in geron ya ƙare fa? Na ba shi labarin shekarar da ruwa ya ƙi zuwa ina yarinya, yadda aka buɗe rumbun da ba a taɓawa, yadda ake auna wa kowane gida da ƙwarya, yadda kakata take ɓoye irin shuka a tulu ta liƙe bakinsa da laka don kada yunwa ta sa a ci. Ya ce da shi ne da ya fasa tulun. Na ce shi ya sa aka kore ka daga arziki. Ya ce ba korarsa aka yi ba, ni na cuce shi. Muka yi ta ja. Inda kalma ta ƙare masa sai ya nuna da hannu, in ba shi ita, ya ɗauka ya jefe ni da ita.

Shinkafar da na ɗora ta kama. Surukina ne ya tashi ya sauke.

Har na bar ƙasar nan tsibiri bai biya haraji ba, ni ma ban mayar da kati ko ɗaya ba. Kullum bayan la'asar yana zuwa neman haƙƙinsa, mu zauna mu yi ta musu har a kira magariba a wayar ubansa.