Ƙwayar da Ta Kuɓuce wa Mai Hantsaki

A sashen kimiyya na jami'ar ba mai kiransa da sunansa. Mai Hantsaki ake ce masa, don tun yana da baƙin gashi aikinsa ke nan: ya ɗauki ƙwayar kiristal baƙa, kamar ƙwayar yashi, ya manna ta a bakin sandar awo. Irin kiristal ɗin nan in ta sha sanyi sosai, lantarki na ratsa ta ba cikas. Sai dai halinta a gaban maganaɗisu a kwance dabam, a tsaye dabam, kuma bambancin ake aunawa. Ta karkace kaɗan, awo ya tashi a banza.

Tun rasuwar ɗansa bara hannun dama ya soma yi masa rawa. Bai gaya wa kowa ba. Yakan kafa gwiwar hannu a tebur, ya riƙe numfashi.

Ran nan ɗalibar Farfesa, shugaban sashen, ta kawo ƙwaya ɗaya tilo da ta fito lafiya daga tanderu bayan wata da watanni. A kanta digirinta ya rataya.

"Baba, a hankali. Wallahi na fi ji da ita a kan maigidana."

"Zan gaya masa."

Ya matsa hantsakin. Hannun ya zille. Ƙas! Bakin hantsaki wayam.

"Kada wanda ya motsa!" Muryar kamar ba tasa ba.

Farfesa, da shigowarsa ke nan, ya sandare a bakin ƙofa. Aka kashe fanka. Suka dube tebur, suka dube hannun riga. Daɓen ɗakin ruwan toka ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, kowane ɗigo sai ka rantse ita ce.

"A tattara ƙurar duka mu sanyaya," in ji ɗalibar. "Za ta nuna kanta. In ta sha sanyi, gudun maganaɗisu take yi."

"Danshi zai iya ɓata ta," in ji Farfesa.

"Takalminka ma zai iya, ranka ya daɗe," in ji ɗalibar.

Mai Hantsaki ya durƙusa da ɗan burushi mai laushi, yana shara a hankali, gumi na bin haɓarsa. Aka zuba ƙurar a farin faranti, aka kwarara ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, farin tururi ya tashi. Ɗalibar ta matso da maganaɗisu. Burbushin ƙarfe ya rugo ya manne. Saura ko motsi.

Can sai wata 'yar baƙa ta ja da baya, tana gudun maganaɗisun.

Mai Hantsaki ya busar da ita, ya duba a madubin ƙara girma. Kusurwa ɗaya ta ɓantare, amma fuskar lafiya lau. Ya ɗauki hantsakin, ya daɗe yana kallon yatsunsa, sannan ya juya wa ɗalibar mariƙin.

"Zauna, 'yata. Ke za ki ɗora."

"Baba, ni ban taɓa..."

"Hannuna ya daina yi. Ya kwana biyu." A gaban Farfesa ya faɗa, bai sassauta murya ba.

Ɗalibar ta zauna. Mai Hantsaki ya sunkuya a kafaɗarta.

"Juya ta hagu kaɗan. Kaɗan na ce!"