Malam Ba Ya Nuna Wa Rago Wuƙa

Shekara tara ke nan da kashe maigidana, Malam, mahauci a nan Potiskum. Ni ban yi karatu ba. Faɗa nake yi, 'yata Hajara tana rubutawa, kuma tun ɗazu take cewa in sassauta, bakina ya fi hannunta sauri. To yaya zan sassauta? Jiya na yi guɗa a tsakar gidana, da tsufana, har maƙwabta suka leƙo!

Waɗanda ba su sani ba, ga yadda aka yi. Lokacin da tashin hankali ya yi tsanani, kowa na zargin kowa, aka kama ƙanen Garba, wani abokin sana'ar Malam. Wani ya raɗa wa Garba cewa Malam ne ya kai sunan yaron. Ƙarya ce. Garba ya sami Malam a mayanka da rana tsaka ya soke shi. Kotu ta yanke masa hukuncin rataya, har yau kuma ba a zartar ba.

Ba zan ɓoye ba, na so a rataye shi. Har yanzu in na ji takun mutum a zaure bayan la'asar, sai gabana ya faɗi, in yi zaton Malam ne da ƙullin tsoka. Sai hawaye.

Bana matar Garba ta zo daga Danchuwa, ta durƙusa nesa da tabarmata. Ba ta roƙe ni komai ba. Cewa ta yi duk safiyar da mijinta ya ji ƙarar makulli a gidan yari, sai ya yi shahada, yana zaton ranar ce. Kansa ya yi fari fat.

Da farko daɗi na ji. Daga baya sai Malam ya faɗo mini a rai. Mutumin nan bai taɓa wasa wuƙa a gaban dabba ba. Ruwa yake ba rago, ya ɓoye wuƙar a bayansa, ya kawar da ɗan'uwan ragon kada ya gani. Me zai ce da ya ji an shekara tara ana nuna wa ɗan Adam wuƙa da sunansa?

Liman ya ce mana magada suna da ikon yafe jini. Ni na yafe, ƙananan 'ya'yana ma suka yarda. Ɗan farina, wanda ba na kama sunansa, shi ya ƙi.

"Inna, jinin Baba ne fa."

"Ni za ka gaya wa? Ni na wanke rigar."

Wata da watanni ba ya cin tuwona. Jiya sai ga shi da sassafe, ya gaishe ni, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, ki sa mayafinki, mu je wajen lauya." Takalmin Hajara na zura, ban ma lura ba!

Lauya ya ce yafewarmu ba ita ce ƙarshe ba, sai hukuma ta duba. Ban ce kisa ba ya cikin shari'a ba. Yana ciki, kuma Garba ya yi abin da ya yi. Kabarin Malam ba zai buɗe don mun yafe ba, kukana ma bai ƙare ba.

Amma Malam bai bar gona ba, bai bar bene ba. 'Ya'ya ya bari, waɗanda aka damƙa musu ran wanda ya kashe ubansu, suka buɗe hannu. Allah Ya jiƙanka, Malam. Gobe da kaina zan hau mota zuwa Danchuwa, kada matar nan ta ji a bakin wani.