Jan Mai a Ramin Tsanko

A unguwar sama ta ƙauyensu, can gefen garin Troyan, da wuya ka sami mai motar da bai taɓa hawa kan ramin gyaran mota na Tsanko ba. Shekarar da aka haifi 'yarsa Ralitsa ya haƙa ramin da hannunsa a cikin gareji, ya shafe shi da siminti, ya yi masa matakala, lokacin yana direban motar katako a masana'antar kujeru. Masana'antar ta daɗe da rufewa, tsohuwar motarsa ƙirar Lada ta sha fenti har ta gaji, amma ramin na nan daram. Tsanko bai taɓa kai mota wajen makanike don juyen baƙin mai ba, kuma duk namijin da ya kai, a wurinsa ya zubar da girmansa. Man da ya juye ma ba ya zubarwa. Da shi yake shafe turakun shinge da na inabi don kada su ruɓe, shi ya sa lambunsa ke warin tasha.

Allah bai ba shi ɗa namiji ba, shi kuma bai taɓa jin ya rasa ba. Ralitsa ta taso a bakin ramin nan tana miƙo sifana. Da ta zama ma'aikaciyar jinya a birnin Lovech ta sayi 'yar motarta, sau biyu a shekara take kawo ta juye: in ƙanƙara ta narke, da kuma lokacin gasa tattasai. Ranar sai Tsanko ya aske gemu. Yana ƙarƙashin mota, ita tana zaune a kan tsohuwar taya tana ba shi labarin asibiti da na samarin da ta kora. Abin da ba ta gaya wa uwarta, a bakin ramin take faɗa. Shi ya sa aikin da bai taka kara ya karya ba Tsanko ke jan sa har rana ta take.

Sai ta yi aure. Mijin, Momchil, malamin makaranta ne, bai san bambancin baƙin mai da zuma ba, Tsanko kuwa ya so shi saboda haka. Matsalar ita ce uban mijin, Lyuben. Ya yi shekaru yana aiki a Jamus, ya dawo da abin hannunsa, ya gina gareji mai tayal a Lovech, har da injin ɗaga mota sama, sai dai a danna maɓalli. Ranar biki ya ba amarya da ango mota 'yar Japan mai sa wa kanta giya. Abin da ya fi ɓata wa Tsanko rai, mutumin ba shi da wani aibu da za a kama. Ga fara'a, ga kyauta, ga girmama mutane. Yaya za ka yi da irin wannan?

"Mutum ya shiga ƙarƙashin mota a tsaye, da farar riga kamar likita, wai shi ma ya yi aiki!" in ji Tsanko wata rana a wurin cin abinci.

Matarsa Velichka ta ce, "Kai dai faɗi gaskiya, tsoho. Kishi ke cin ka."

"Kishin me? Na tayal?"

"Na Ralitsa. Tun da ka ji ta ce masa Baba a wurin biki, ka ƙi taɓa naman da aka sa maka."

"Naman ne ya yi tauri."

"Ai kuwa kai kaɗai ya yi wa."

Gaskiya ta faɗa. Da ƙanƙara ta narke Tsanko ya sayo galan ɗin mai, mai tsada, irin wanda bai taɓa saya wa Lada ba. Ya aske gemu, ya share ramin. Ralitsa ta iso, ya buɗe ƙofar gareji yana yi mata alama da hannu ta hau, sai ta leƙo ta taga ta ce, "Af, Baba, na manta ban gaya maka ba. Baba Lyuben ya riga ya yi mini, kafin in shanye kofi ya gama." Tsanko ya ce to madalla. Galan ya koma kan kanta, ya kwana ya wuni a nan har bazara ta wuce, duk shigar da zai yi garejin sai sun haɗa ido. Abin da ke damunsa shi ne: yanzu a gaban wa take zama ta yi hira?

Lokacin gasa tattasai ya zo. Ralitsa ta zo ita kaɗai ran Asabar don ta taya uwarta, su dafa miyar tattasai da tumatir su cika kwalabe na hunturu. Suna bayan gida cikin hayaƙi, suna ɓare baƙin ɓawo suna dariya. Makullin mota kuwa na kan taga.

"Bari in gyara mata tsayuwa, rana na dukanta," in ji Tsanko, ba wanda ya ko ɗago kai.

Ya hau da ita kan ramin, ya rufe ƙofa, ya sauka da fitila da daro. Ƙarƙashin motar nan duk a rufe yake da roba, ba kamar na Lada ba da komai ke fili. Ya lalubo wani noti, ya sa sifana, ya murɗa. Mai ya zubo a daro. Tsanko ya haska, sai ya ga man ja ne, tsararo, ba kauri.

Da a ce wata rana ce, da wata zuciyar, da ya tsaya ya tambayi kansa. Amma wanda ya shafe wata shida yana neman laifin mutum, in ya ga abin da ya yi kama da shi ba ya sake dubawa. Abin nema ya samu. Ya dangwala yatsa, ya murza, ya yi dariya shi kaɗai. "Ga aikin Jamus nan! Ruwan zoɓo ka ɗura wa 'yata a inji, da fararen rigunanka." Ya mayar da noti, ya tura daron can lungun ramin don ya zama shaida ranar da surukai za su haɗu tsinkar inabi. Ya hau, ya buɗe bonet, ya sa mazurari, ya juye galan ɗinsa kaf. Zai zaro gejin auna mai ke nan Velichka ta ƙwala masa kira abinci na hucewa. Ya ce a ransa, ni da nake wannan aiki tun kafin a haifi mai motar, geji me zai gaya mini? Ranar ya ci abinci har da ƙari.

Da la'asar Ralitsa ta loda kwalabenta ta tafi. Ba ta wuce gadar bakin gari ba motar ta fara tuƙa hayaƙi ta salansa, inji na ihu, tayoyi sun ƙi tafiya. Wani maƙwabci mai keke ne ya kawo labari. Tsanko ya ruga da silifa, ya same ta a gefen hanya da waya a kunne.

"Kada ka damu, Baba, na kira Baba Lyuben, yana hanya."

Gidansu na nan a bayanta, ana hango hayaƙin murhunsu, amma Lovech ta kira. Wannan ya fi hayaƙin motar shaƙe shi.

Lyuben ya iso da motarsa ta kaya, ya gaisa da kowa, aka ɗaura igiya aka ja motar zuwa rami mafi kusa, wato na Tsanko. Matan suka shiga ɗora kofi. Mazan biyu suka sauka ramin, kafaɗa na gugar kafaɗa.

"Kai, suruki, wannan rami ya ginu," in ji Lyuben yana shafa bango. "Da hannunka?"

Tsanko bai karɓi yabon ba. Ya jawo daron da ƙafa, ya haska. "Bar zancen rami. Mene ne wannan ka zuba wa yarinya a inji? Allah ne ya sa na juye shi yau na sa mata na kirki."

Lyuben ya durƙusa, ya dangwala, ya sansana. Ya daɗe bai miƙe ba. Sannan a hankali ya ce, "Wane notin ka kwance, suruki?"

Tsanko ya nuna.

"Na giyabos ne wannan. Mansa ja ne daman. Na inji ga shi can gaba." Ya dubi Tsanko. "Sabon man fa, a kan tsohon ka zuba?"

Nan Tsanko ya gane ɓarnar da ya yi. Ya zubar da man giya, ya cika inji har wuya, a motar da 'yarsa za ta bi hanyar dutse da ita. Ya jingina da bangon da ya shafe da hannunsa.

Takun Ralitsa ya matso. "To, likitoci, me kuka gano?"

Lyuben ya tura daron cikin lungu da dunduniya, ya ɗaga murya. "Laifina ne, 'yata. Wancan juyen ban ɗaure notin giya da kyau ba, mai ya tsiyaye a hanya, injin kuma na cika masa fiye da ƙima. Tsufa ne. Babanki ne ya gano. Zan kai ta gida in gyara, kada ki ji komai."

Ralitsa ta tsuguna a bakin ramin. "Haba, Baba Lyuben, kai da injin ɗaga mota!" Ta yi dariya, ta dafa kan ubanta. "Daman na gaya wa Momchil hannunka daban ne, Baba. Daga yau juye a nan za a riƙa yi mini, kamar da."

Abin da ya kwana yana roƙo ke nan, ga shi an miƙo masa. Ya jira daɗi ya zo, bai zo ba. Da can gareji da tayal yake wa kishi, abubuwan da kuɗi ke saye, yana iya raina su. Yanzu ga mutumin can a bakin famfonsa yana wanke hannu yana fito, ya ɗauki kunyar wani ya saɓa a kafaɗa ko a jikinsa. Tsanko ya san da shi ne a wurin, da ba zai iya ba. Har a nan ma an fi shi, kuma wannan kishin ba shi da wanda zai kai wa ƙara, ko Velichka.

Hunturu ya zo ya wuce. Da ƙanƙara ta narke Ralitsa ta cika alkawari, ta hau ramin da kanta, ta zauna a kan taya ta fara labarin wata sabuwar shugabar ma'aikata mai baƙin hali. Tsanko ya sauka da sifana, yana taka-tsantsan, don tun wancan ranar notunan nan biyu suke rikice masa a kai. Ya ɗaga fitila. Ɗaya daga cikinsu an shafa masa rawayan fenti, tsaf, aikin mai natsuwa, a inda ba mai gani sai wanda ya shiga ƙasa.

"Baba, ka yi shiru. Lafiya?"

"Lafiya lau. Ci gaba, ina jin ki."

Ya san hannun wa ya yi wa notin inji alama. Ya zagi Lyuben a ciki, ciki-ciki, har da kakanninsa. Sannan ya ɗora sifana a kan mai fentin.