Pak Aini da Rundunar Gishiri

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran ɗan kawuna Hamdan bin Sarip, wanda duk garinmu Katanning ya sani da Pak Aini, wato Baban Aini, da sunan 'yarsa ta fari kamar yadda muke kiran kowane uba. Yana tura injin yankan ciyawa a harabar masallaci ya dafe ƙirji ya zauna, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekarunsa hamsin da huɗu. Washegari bayan azahar muka kai shi makwancinsa, cikin sanyin nan na farkon shuka.

Pak Aini, mutane da yawa sun tashi sun faɗi alherinka, kuma gaskiya suka faɗa. Abokan aikinka na mayanka sun shaida cewa wuƙarka ba ta taɓa wahalar da dabba ba. Dattawa sun shaida cewa ba a taɓa neman mai haƙa kabari ko mai ɗaukar tukunyar biki an rasa ka ba. Amma na lura kowa yana zagaye abu ɗaya, kamar abin kunya ne a ambace shi a gidan makoki. Ni zan ambace shi, don na san da kana nan da shi za ka fara. Kai ne mutumin da ya tsaya wa wasannin harbi na kwamfuta waɗanda duniya ta raina, kuma ina alfahari da cewa a bayanka na tsaya.

Duk wanda ya taɓa raka ka Albany sayayya ya san wahalar. Mu muna neman takalma, kai ka durƙusa gaban kwandon nan da ake zuba wasannin da suka yi kwantai, kana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba marayu. Ban manta ranar da mai kanti ya ce maka, "Baba, wannan fa ba shi da kyau, masu sharhi duk sun kashe shi." Ka ɗago ka ce masa, "Kai ka buga? To su ma ba su buga ba. Sun leƙa ne, suka ga ba irin na bara ba ne, suka tafi cin abinci." Muka bar kantin kana ta huci, ni kuwa ban samu takalmana ba.

A wannan kwandon ka tsinto Rundunar Gishiri. Ba zan yi ƙarya don ka mutu ba, wasan ba shi da kyan gani. Sojojinsa duk fuskarsu ɗaya, bindigoginsa nauyi gare su, tafiyarsa kamar ta mai gudu a taɓo. Masu sharhi suka ce ya yi sanyi, ya yi tsauri, wa zai yarda ya kwanta a ƙasa yana jira? Domin a cikinsa idan aka harbe ka ba ka tashi da kanka. Kana nan kwance sai wani daga ɓangarenka ya ajiye bindigarsa, ya ratso wuta, ya ja ka zuwa bayan bango. Abin da suka kira aibi, shi ka kira dalilin wasan. Sau nawa na ji kana cewa, a sauran wasanni mutum ya mutu ya farfaɗo ko gaisuwa ba wanda yake bin sa, a nan kuwa dole ka san sunan wanda ya ɗauke ka.

Sai dai wasan yana da sharaɗi mai wuya. Shida da shida ake bugawa, kuma ba ya buɗewa sam sai an cika goma sha biyu. Ko mutum ɗaya ya rage, allo zai tsaya yana cewa ana jira. Da farin jininsa ya ƙare, masu shi suka rufe babbar na'urar da ke haɗa 'yan wasa a Sydney, suka bar guda ɗaya a Amurka. Lokacin da muke farke 'yan can suna barci, saboda haka idan ba mu cika kanmu ba, babu mai cika mu. Wannan ne ya zama aikinka na biyu a duniya: kowace Lahadi bayan la'asar, mutum goma sha biyu su zauna a garejinka, gaban tsoffin kwamfutocin da ka tsinto ka gyara, in ba haka ba wasan ya mutu a wannan ɓangaren na ƙasa.

Yadda ka tara mu kuwa, kowa da labarinsa. Ni ba ni da zaɓi, ɗan'uwa ne, ka ce in zo na zo. Noeleen Pritchard a gonarta ka same ta ka je sayen ragon layya, mace mai jikoki, ba ta taɓa riƙe abin wasa ba. Ka ga bindigar harbin dila a a-kori-kurarta, ka manta da rago, ka tsaya yi mata wa'azi a bakin shinge har ta ce za ta zo sau ɗaya don ka ƙyale ta. Ba ta fasa zuwa ba tun daga ranar, ko da shuka ko da girbi, mijinta Graham yana ta mita wai mahauci ya sace masa mata.

Na Nawroz ne ya fi tsaya mini a rai. Ya zo garin nan daga Afganistan, ya fara aiki tare da kai, ba ya magana da kowa, ranar hutu yana ɗaki shi kaɗai. Da ka gayyace shi, na ja ka gefe na ce ka ji tsoron Allah, mutumin da ya tsere wa harbin gaske za ka zaunar gaban na wasa? Ka koma wurinsa ka ce, "Ɗan'uwa, ba sai ka harbi kowa ba. Muna da masu harbi sun yi yawa. Mai ɗaukar waɗanda suka faɗi muke nema." Har yau Nawroz bai taɓa danna kunamar bindiga a wasan nan ba, kuma babu wanda ya kai shi ceton mutane. A garejinka na fara jin dariyarsa, bakinsa cike da karipap, irin samosar nan da matarka Mak Aini take soya mana da nama da dankali.

Ba kowa ya ji daɗin abin ba. Akwai dattijon da ya tare ka a ƙofar masallaci ya ce mutum da furfura bai kamata a gan shi yana wasan yara ba. Ka sunkuyar da kai ka saurara har ya gama, sannan ka ce, "Nek, kakanmu, gaskiya ne. Amma ka zo ka nuna mini wani wuri a garin nan da manomi da mahauci da malamar makaranta da baƙon jiya suke zama ɗaki ɗaya, kowa yana kiran sunan kowa. In ka samo, na rufe gareji." Bai samo ba, kuma ba ka ƙara tayar da maganar ba.

Sai kuma tafiyarmu Perth, wadda har gobe ana ba da labarinta. Ka damu da cewa mu goma sha biyu ne cif, ko mura ta kama ɗaya Lahadi ta lalace. Saboda haka ka dami masu shirya taron 'yan wasa na shekara da waya har suka gaji, suka ba mu fili: shida daga cikinmu za su kara da shida daga gwanayen birni, a gaban jama'a, ko wani ya gani ya yi sha'awa. Muka yi rigunanmu iri ɗaya. Muka cika bas da shinkafa da gasasshiyar kaza. Noeleen har gyaran gashi ta yi.

Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu shi ne jinkiri. Mu da muke bugawa ta na'urar Amurka, harsashinmu sai ya haye teku ya dawo kafin ya isa. Don haka darasin farko da kake koya wa kowane sabon shiga shi ne kada ya harbi inda mutum yake, ya harbi inda zai je. Shekaru muna haka har ya shige mana jini. A zauren Perth kuwa kwamfutocin duk waya ɗaya ta haɗa su, babu teku, babu jinkiri. Aka buɗe wasa, muka ɗaga bindigogi da ƙwarewarmu duka, muka riƙa harbin iska taku biyu gaban mutane. Gwanayen birni suna tafe cikin natsuwa, harsasanmu suna share musu hanya. Ƙaton allo yana nuna wa kowa. Zaure ya kece da dariya, mai gabatarwa yana cewa, "Jama'a, 'yan ƙauye sun zo yaƙi da bango!" Nawroz ya yi ta jan mu ɗaya bayan ɗaya har shi ma aka kwantar da shi. An lallasa mu, babu wata kalma.

Ni na so ƙasa ta tsage in shige. Aini, wadda take aikin jinya a can kuma ta zo kallon ubanta, na hango ta ta rufe fuska da gyale. Kai kuwa sai ka miƙe ka nufi mai gabatarwa ka karɓe abin magana daga hannunsa. Ka bari dariyar ta lafa, kai ma kana yi, sannan ka ce, "Kun ga inda muke harbi? Daidai nan za ku kasance in da teku a tsakaninmu. Ku kun buga wasan nan yau don an saka shi a jadawali. Mu mun buga shi bayan masu shi sun juya masa baya, da harsashi mai zuwa a makare, kuma ba mu taɓa barin mutum a ƙasa ba. Muna Katanning, kowace Lahadi bayan la'asar. Akwai shayi." Aka tafa maka, tafi na gaske. Amma ko mutum ɗaya bai biyo mu ba. A hanyar dawowa na ce maka mun yi asarar mai, ka ce a'a, yanzu dai sun san akwai mu.

To, Pak Aini, ga abin da ya faru bayanka, don na san shi za ka fara tambaya. Lahadin farko Mak Aini ta aiko da makullin gareji ta ce a buɗe, ba ta son ta ji wurin shiru. Muka zauna mu goma sha ɗaya, muka kunna, allo ya tsaya yana cewa ana jiran mutum ɗaya. Babu wanda ya iya kallon kujerarka. Can wani ya kawo shawarar a shiga da sunanka a kwamfutarka, a bar sojanka a tsaye don dai wasa ya buɗe. Ni ma zuciyata ta karkata. Noeleen ce ta buga tebur ta ce, "Wallahi a'a. Mutumin nan ya bi ni har bakin shinge don kada ya cika kujera da gunki, yau ku za ku mai da shi gunkin? Ku kashe abin nan." Muka kashe, shayi ya huce a kofuna, kowa ya tafi gida. Na yi kuka a mota, don a raina na gama yarda cewa mun binne ku tare, kai da wasanka.

Ba mu yi shawara ba, ba wanda ya kira wani a cikinmu. Ni dai cikin makon nan na kasa zama, na buga wa Aini waya na ce in tana da hali ta zo ta zauna mana ko sau ɗaya. Ta ce, "Kawu, ni fa ban iya ba." Na ce ubanta bai taɓa ɗauko wanda ya iya ba. Da Lahadi ta zagayo, na shigo layinku da ita a mota, sai na rasa inda zan ajiye ta don yawan motoci. Noeleen ta taso Graham a gaba da takalmansa na gona, yana cewa shi kallo kawai ya zo. Nawroz ya zo da maƙwabcinsa. Malamar makaranta ta zo da mai tuƙa bas. Ashe kowane ɗaya a cikinmu ya yi abin da ya ga kana yi, ya je ya tsaya a ƙofar wani ya ƙi tafiya. Mu goma sha ɗaya, kowa da mutum ɗaya a hannu.

Muka tsaya a bakin gareji muna kallon juna. Graham ne ya ƙirga mu da yatsa kamar tumaki, ya ce, "Ashirin da biyu. To ku masu ilmin abin, wannan wasa nawa ke nan?" Sai aka fashe da dariya, wasu da hawaye. Mun yi wa wasa ɗaya yawa, mun kasa cika biyu. Ranar dai aka yi ta karɓa-karɓa har magariba, kuma Aini ta harbi bango fiye da yadda muka yi a Perth, ba tare da wani uzuri na teku ba. Ka bar mu muna neman mutum ɗaya, Pak Aini. Yanzu biyu muke nema, kuma za mu samo su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mak Aini, wadda ta haƙura da hayaniyarmu shekara da shekaru ba ta taɓa rufe mana ƙofa ba, da Aini da ƙanenta Rizwan, da dangi na nan da na Port Hedland da na tsibirin da iyayenmu suka fito, da abokan aikinsa, da duk wanda ya taɓa zama a garejin nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya albarkaci bayansa.

Allah ya jiƙanka, ɗan'uwana, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Kai da ba ka iya ganin mutum shi kaɗai ka wuce, Allah kada ya bar ka kai kaɗai. Ya sa ka tarar da mutanen kirki a cike suna jiranka, karo ɗaya dai ba kai ne mai jira ba. Amin.