Na Ji Abin Da Tsohon Ya Ce, Na Yi Shiru

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda Allah ya nufa zai karanta wannan takarda. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, sai yanzu da tsufa ya kama ni na ga gara in faɗe ta ko wani ya amfana. Ba zan kama sunan kowa ba, domin laifin nawa ne ni kaɗai.

A shekarun 1960 ni saurayi ne mai shekara ashirin da bakwai, ina aikin jinya a wani asibiti a Makka. Iyayena mutanen ƙasar Katsina ne. Sun fito aikin Hajji a ƙafa, tafiya ta tsaya musu a Sudan, can aka haife ni, can na yi makaranta har na koyi jinya. Bayan rasuwar mahaifina muka ƙaraso Makka ni da Inna, ta sami ɗaki a unguwar Mansur cikin 'yan uwa Hausawa, tana tuyar waina da safe. Ni kuwa takarduna na Sudan ne, Larabci kuma ya zauna a bakina sosai. A makon da na fara aiki na ji wani abokin aiki yana cewa ai Takaru, wato mutanen Afirka ta Yamma irinmu, ba abin da suka iya sai shara da dako, sauran suka yi dariya. Da suka tambaye ni daga ina nake, na ce daga Sudan, na tsaya nan. Bayan 'yan kwanaki wani ya tambaye ni ko ina jin yaren Takaru, tunda akwai su da yawa a ƙasarmu. Na ce ko kalma ɗaya ban sani ba.

Wannan ƙarya ta raba ni da kowa. Na kama ɗaki ni kaɗai kusa da asibiti don kada a ga inda nake fitowa. In na tashi aiki sai in sayi gurasa da dafaffen waken ful, in dafa shayi a risho, in ci ina kallon bango. Ban saki jiki da abokan aiki ba don tsoron kada wata rana bakina ya suɓuce, su ma ba su ja ni a jiki ba. Masu sharar asibitin yawancinsu Hausawa ne, ina jin hirarsu da barkwancinsu, wani lokaci dariya ta taso mini sai in haɗiye in wuce. Ranar Juma'a kaɗai nake zuwa wurin Inna. Ta taɓa ce mini in na zo sai in ci in tashi kamar baƙon da mota ke jira, ko maƙwabta ba na shiga gaisarwa. Na ce mata aiki ne ya yi yawa.

Bayan na shekara biyar aka zaɓe mu mu takwas don ƙarin karatu na wata tara, wanda in mutum ya gama zai zama malamin da ke koyar da ɗaliban jinya a bakin gadon majiyyaci. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so wannan matsayi ba. Wani dattijon likita ne ke jagorantar mu, mutum mai ƙarancin magana. Ba jinya yake koya mana ba, wannan mun iya, koyarwa yake koya mana: yadda za ka tsaya a bayan ɗalibi ka bar hannunsa ya yi aikin, yadda za ka gyara masa kuskure ba tare da ka kunyata shi a gaban mara lafiya ba, da yadda za ka gane ɗalibin da ya ce ya fahimta alhali bai fahimta ba. In na koma ɗaki sai in jera matasan kai a kan gado in yi ta yi musu darasi, domin ba ni da wanda zan gwada da shi. Jarrabawar ƙarshe ita ce kowa ya koyar da ɗalibai huɗu a bakin gado, likitan yana tsaye yana rubutu.

Tawa ta faɗo saura kwana goma a hau Arfa, asibiti ya cika da alhazai. Da hantsi aka kai ni gadon wani tsoho mai miki a ƙafa wanda ya ruɓe har ya sa masa zazzaɓi. A katinsa an rubuta cewa ba ya jin Larabci. Da na dubi fuskarsa na ga tsage irin na mahaifina, sai na sunkuyar da kai. Darasin shi ne wanke miki da ɗaure shi, sannan yadda ake haɗa allurar fenisilin da aka rubuta masa. Wanke mikin ya tafi daidai, ɗaliban suna ta amsa tambayoyina. Da na ɗaga kwalbar ina nuna musu yadda ake zuba ruwa a farin garin a girgiza, sai tsohon ya ɗago hannu ya ce, "Ɗana, in farar allurar nan ce ta miki, kada ku yi mini. An taɓa yi mini ita a hanya, maƙogwarona ya toshe, da ƙyar na sha." Ya sake maimaitawa, idonsa a kaina. Wani ɗalibi ya tambaya me yake cewa. Likitan ya ɗago kai daga takardarsa. Na san sarai abin da maganar ke nufi, na san irin wannan allura tana iya kashe wanda jikinsa ba ya karɓar ta. Amma sai na ji bakina yana cewa da alama tsoron allura yake yi, kamar yadda tsofaffi suka saba. Aka yi murmushi, na ci gaba da darasi.

A zuciyata na shirya dabara. Allurar sai bayan azahar za a yi ta. Na ce da an gama zan zagayo ni kaɗai in gaya wa mai kula da ɗakin cewa ina da shakku, a dakata. Amma da aka gama sai likitan ya tara mu takwas ɗin a ofishinsa don bitar darussan. Ya yaba nawa a gaban kowa, abin da bai saba yi ba. Aka kawo shayi. Na zauna ina jin daɗin yabo kusan awa guda, ina cewa ai da sauran lokaci. Ashe ɗaya daga cikin ɗalibaina, wanda ya fi su ƙwazo, ya roƙi mai kula da ɗakin ya bar shi ya yi allurar da wuri tun darasin yana sabo a kansa. Ya haɗa ta daidai yadda na koya masa, ya yi ta daidai inda na nuna.

Ihu muka ji muka fita a guje. Mun tarar da leɓunan tsohon sun kumbura, numfashinsa yana fita da wani irin fito, idanunsa sun firfito. Likitan ya karɓi allurar ceto ya soka masa, ana ta kai da kawo. Ni na tallafe kansa, ban san lokacin da na fara ce masa da ƙarfi, "Sannu Baba, ja numfashi, ina jin ka, wallahi tun ɗazu na ji ka," da Hausa tsantsa. Ɗalibai da abokan karatuna da masu shara duk suna tsaye suna ji.

Da numfashinsa ya daidaita likitan ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Tambaya ɗaya ya yi mini, me tsohon ya ce da safe. Na faɗa masa kalma bayan kalma. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ya ce da a ce ba wanda ya ji yaren, da kuskuren na kowa ne, amma shi ba zai damƙa ɗalibai a hannun mutumin da mara lafiya zai gaya masa abin da zai kashe shi, ya tsaya duba mutuncin kansa ba. Ya cire sunana daga karatun. Sannan ya ce kafin in tafi in nemi ɗalibin nan in gaya masa gaskiya, domin yana can yana kuka yana cewa ya bar jinya. Na same shi a bayan ɗakin magani. Gaya masa cewa hannunsa bai yi kuskure ba, malaminsa ne ya ci amanarsa, ya fi mini komai wuya a ranar.

Tsohon ya rayu, amma abin ya taɓa masa zuciya, likitoci suka ce ba za a iya ɗaga shi ba. Ranar Arfa aka kwashe ma'aikata da duk majiyyacin da zai iya tafiya zuwa filin, aka bar ni cikin masu tsaron asibiti. Makka ta yi tsit kamar an share ta. Na jawo kujera na zauna kusa da shi. Ya ba ni labarin cewa shekara shida ya yi a hanya, yana tsayawa yana tsinkar auduga a gonakin mutane ya ƙara gaba, matarsa ta rasu kafin su kai bakin teku. Duk don wannan yini ɗaya, ga shi yana kwance tafiyar 'yan awoyi kaɗan daga wurin. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ce tun da na dubi tsagensa na sunkuyar da kai ya san ɗan gida ne, shi ya sa da ni ya yi maganar ba da sauran ba. Ya ce ya yafe, Allah ne bai nufa ba bana. Sannan ya tambaye ni ɗan wane gari ne mahaifina. A nan na fara faɗin sunan garinmu a cikin asibitin, bayan fiye da shekara biyar.

Da aka sallame shi na kai shi Mansur, maƙwabtan Inna suka ba shi ɗaki. Ita ke kai masa abinci kullum. Na gaya mata duk abin da ya faru, ta yi kwana uku ba ta haɗa ido da ni ba. Wata huɗu bayan haka ya rasu, bai ga wata Arfar ba. A asibiti kuwa na koma cikin kaɗaicin da ya fi na da. Wasu suna ƙyamata don ƙaryar, wasu don abin da ƙaryar ta ɓoye. Masu shara na gaishe su da Hausa, suka amsa a taƙaice, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya canza kawai shi ne duk mara lafiyar da ba a jin yarensa sai a aiko a kira ni. Shekara biyu ina haka, sannan dattijon likitan ya mayar da sunana cikin sabon rukuni. Na gama, na koyar da ɗalibai har na ajiye aiki, kuma kowane rukuni sai na ba su wannan labari da bakina.

Abin da na koya shi ne, ilimin da na tara da iya tsara darasi ba su tsare kowa ba a ranar da zuciyata ta karkata ga kaina. Ɗalibi yana ɗaukar abin da malami ya faɗa, yana kuma aiki a kan abin da malami ya ɓoye, bai sani ba. Ina kira ga 'ya'yanmu masu aikin asibiti, musamman masu neman zama malamai a ƙasashen mutane: kada kunyar asalinku ta sa ku toshe kunne, domin harshen iyayenku wata rana shi kaɗai ne zai tsaya tsakanin wani bawan Allah da kabari. In mara lafiya ya yi magana kun ji, ku faɗa nan take, a gaban ko waye, ko me za ku rasa. Ni ban yi niyyar cutar da tsohon nan ba. Cewa kawai na yi sai an jima.