Talatu a Layi na Huɗu

Yaya Binta, daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu jikina bai sake ba.

Kin tuna Talatu, wadda muke gudun mita ɗari huɗu tare a sakandare? Doguwar nan mai faɗin kafaɗa da kakkaurar murya, wadda ba a taɓa shan gabanta ba. Abin da ban taɓa gaya miki ba, ni na fara sa hannu a takardar ƙorafin da aka kai wa alƙalan gasa, wai a bincika ko mace ce. Mata biyu suka shiga ɗaki da ita. Ba a faɗa mana abin da suka gani ba. Aka dai cire sunanta, aka ba ni kofi, ita kuwa ta haɗa akwatinta ta bar makarantar.

To ita na gani.

Wai muna filin gudu, amma filin a tsakiyar kasuwar garinmu yake, rumfuna duk a rufe. 'Yan kallo sun cika benci, ba mai motsi, kuma duk sun juya mana baya. Ina layi na uku, Talatu na huɗu. Ni da furfurata kamar yanzu, ita tana nan 'yar shekara sha shida.

Aka busa usur, ban ji ƙararsa ba, muka dai zuba a guje. Sai kawai layinta ya fara tsukewa, yana tsukewa har ya koma kamar zare. Ta daina gudu, ta riƙe wuyan rigarta da hannu biyu. Da na zo wucewa ta ce a hankali, "Rabi, ke kin gani da idonki?"

Na wuce ta a guje.

Sai kawai ga ni a ɗakin nan da aka shiga da ita, matan biyu suna miƙo mini biro. Bayan labule ina jin numfashin mutum. A bakin ƙofa kuma ga ɗalibaina da nake koya wa gudu yanzu, a jere, zufa na ɗiga daga haɓarsu. Ƙaramarsu ta ce, "Malama, mu fa? Shekara uku muna atisaye." Na ɗaga labulen, babu kowa, sai rigar makaranta a ninke a kan kujera. Na taɓa ta, da ɗuminta.

Nan na farka, hannuna a dunƙule, farce ya shige tafina.

Yaya, ranar Alhamis kwamitin gasar makarantu zai zauna, kuma ina ciki. Akwai wata yarinya daga makarantar ƙauye da ke tsere wa kowa da nisa, iyayen ɗalibaina sun rubuto cewa ba mace ba ce. Na san wahalar da yaran nan suka sha, na ga kukansu. Ita ma yarinyar na gan ta, ba ta iya haɗa ido da kowa. Kuma sunana ne a saman jerin 'yan kwamitin da za su sa hannu a kan ƙorafin.

Ke da kika fi ni sani, me wannan mafarkin ke nufi? Gargaɗi ne, ko hakki ne ya biyo ni? In na ƙi sa hannu, me zan ce wa yarana? In na sa fa?